Wasiƙa ga aminina kan waɗanda sassaucin doka ya tarar a gidan yari

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun nan ya yi yawa. Ka ce za ka kira da zarar ka gama tarewa, ga shi an ce min ƙaramarku har ta fara rarrafe. Wai ya maganar komawarka karatu, an ba ka gurbin kuwa?

Ni dai binciken kammala digirina ya sha min kai, kuma tun da na fara shi kake faɗo min a rai, saboda gardamar nan tamu da kake cewa in alƙali ya yanke hukunci, bakin alƙalami ya bushe. Tambayar da nake bi ita ce: idan majalisa ta sassauta hukuncin wani laifi, mene ne makomar wanda aka riga aka ɗaure da tsohuwar doka?

Kowa ya yarda ba a ƙirƙiro laifi yau a kama mutum da abin da ya yi jiya, ba a kuma ƙara masa hukunci daga baya. Sashe na 15 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa ya ƙara da cewa in an sassauta hukunci bayan aikata laifin, mai laifin zai ci gajiyar sassaucin. Amma ƙasashe da yawa sun tsayar da wannan a kan wanda shari'arsa ba ta ƙare ba. A Faransa, in an soke laifin ɗungurungum, ɗaurin ya tsaya. In kuwa rage shekaru kawai aka yi, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara ta riga ta rufe, sai mutum ya ci gaba da zamansa. Amurka ma da ta shiga yarjejeniyar a 1992, fitowa fili ta yi ta ce wannan jimlar ba ta hau kanta ba.

Labarin Amurkar ne ya hana ni barci. Dokarsu ta 1986 ta ce wanda aka kama da fataucin giram 5 na dunƙulalliyar hodar ibilis, wadda suke kira crack, zai sha ɗaurin aƙalla shekara 5, alhali mai garin hodar sai kayansa sun kai giram 500 kafin wannan hukunci ya hau kansa. Ninki ɗari ke nan, kuma akasarin waɗanda abin ya faɗa wa baƙar fata ne. Ranar 3 ga Agusta 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta mayar da giram 5 ɗin 28. To ka ɗauki mutum biyu, kowanne da giram 10 a aljihu. An yanke wa na farko hukunci a watan Yuli, hannun alƙali a ɗaure, dole shekara 5. Na biyu lauyansa ya nemi a ɗage zama zuwa Satumba, sai sassauci ya riske shi, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2012. Na farkon yana ɗakinsa yana jin labarin a rediyo, mahaifiyarsa tana tambayar lauya ko ɗanta na ciki, ana ce mata a'a. Sai a Disambar 2018 Trump ya sa hannu a dokar da ta ba irinsu damar komawa kotu neman ragi. Kafin nan wasu sun riga sun cinye wa'adinsu kaf.

Na san ka fara girgiza kai, irin yadda kake yi in an ci ƙungiyarku. Za ka ce kotuna za su cika maƙil, kuma waɗanda aka zalunta suna da haƙƙin a bar magana a rufe. Ban raina wannan ba, musamman a laifin da ya taɓa jini. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dokar 2018 ba ta buɗe ƙofa kowa ya fice ba, alƙali ne ke duba fayil ɗaya bayan ɗaya, yana da ikon ƙi. Ni abin da na kasa haɗiyewa shi ne hukuma ta furta da bakinta cewa hukuncin ya wuce kima, sannan ta ci gaba da tsare mutum da shi don kawai ranar zaman kotunsa ta zo da wuri. Kada kuma ka ce min a jira afuwar shugaban ƙasa. Afuwa alfarma ce, wanda ba shi da mai kai sunansa sai ya tsufa a ciki.

Af, ƙanenka ya zo wurina kwanaki, ya yi ƙiba har na kusa kasa gane shi. Ya ce maganar aurensa ta taso, amma kai kake ja masa rai. Ka ji tsoron Allah ka sake shi. Tsohon mai ɗakinmu kuma ya bar koyarwa, zan ba ka labarin a waya don ba na takarda ba ne.

Zan turo maka babi na biyu in na gama gyara shi, ka karanta da jan biro kamar yadda ka saba, ka nuna min inda hujjata ta yi rauni kafin malamina ya gani. Ka gaida uwargida, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Amininka