Ba kowace "ta" ce mace ba a labaran almara

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni fili in ja hankalin matasanmu na Aboabo da Asawase masu karanta labaran almara. Wata fassara ta kama bakinsu: da sun ga halittu biyu na gaba a labari, sai su ce ɗaya namiji ne ɗaya mace, marubuci kuma habaici yake yi wa mata.

Misalin da suka fi kawowa shi ne kura da kurege. Wai kura mai kwaɗayi da tsoro da wauta siffar mace ce tunda ana cewa "kura ta zo", kurege mai wayo kuma shi ne namiji. Nan aka yi tuntuɓe. Wannan "ta" ta nahawu ce. Giwa ma "ta" ce har sai an ce toro, damisa ma haka. Rana mace ce, wata namiji, a Hausa da Larabci, amma Faransanci ya juya su. Mu mutanen Kumasi ya kamata mu riga kowa ganewa, domin a Hausar zango tsohuwa kan ce "kura ya zo", tatsuniya kuma ta tafi daidai ba abin da ya ragu. Asante kuwa kalma ɗaya suke da ita, ɔno, ko namiji ake nufi ko mace.

Gwajin ba wuya. Ka sauya jinsin halittar tun daga farkon labari har ƙarshe, ka sake karantawa. In ba abin da ya rushe, fassararka daga kanka ta fito. In ya rushe, duba inda ya rushe: aure ne, kishi, goyo, gado ko sarauta? Gizo da Ƙoƙi ba sa sauyuwa, saboda rigimarsu ta miji da mata ce, ta abinci da rufin asirin gida. Kura kuwa maishe ta namiji, har yanzu za ta faɗa tarko saboda nama.

Inda fassarar ke da ƙafa shi ne Daura. Labarin da kansa ya ce mata ne ke sarauta, macijiya ta hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, Bayajidda ya kashe ta, ya auri Daurama, daga nan mulki ya koma hannun maza. A nan hujjar tana cikin abin da ya faru, ba a cikin wakilin suna ba. Duk da haka mai sharhi ya bi a hankali, don macijiyar nan sunanta Sarki, kuma ita ce ta takura wa garin da mace ke mulki. Wanda ya ce macijiyar siffar mulkin mata ce, sai ya gaya mana dalilin da Daurama ta saka wa wanda ya sare kan macijiyar da aure.

Wassalam.

Malamin adabin baka,
Aboabo, Kumasi