Saƙonnin iyaye na salwanta a hanya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina aikin rajistar ɗalibai a wata makaranta a Zariya. Iyaye kan cike fom a shafinmu na intanet, sai na'ura ta turo mana imel ɗauke da adireshin uban yaro a gurbin mai aikowa. Da yawa ba sa isowa, iyaye kuma suna zaton mun yi biris da su. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun Afrilun 2014 Yahoo ya tsaurara tsarinsa na DMARC, wato ƙa'idar tantance ainihin mai aiko imel, ya ce duk saƙon da ke ɗauke da adireshinsa amma bai fito daga na'urorinsa ba, a ƙi karɓa. Na'urarmu ba ta Yahoo ba ce, don haka idan adireshin uban yaro na Yahoo ne, sai a yi wa saƙon kallon jabu. Gaskiyarsu ce, domin da wannan dabarar 'yan damfara ke yin sojan gona.

Roƙona ga matasanmu masu gina shafuka: ku sa adireshin makarantar a gurbin mai aikowa, na uban yaro a gurbin mayar da amsa, sannan ku saita SPF da DKIM, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga makarantar ya fito, kafin ku karɓi kuɗin aikinku.

Naku,
Ma'aikacin rajista, Zariya