Ba lalacin ma'aikata ne ya kashe masaƙun Kakuri ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ranka ya daɗe, na rubuto ne kan shirinku na rediyo na daren Lahadin nan, inda kuka yi hira da wani Farfesa kan tarihin ci gaban ƙasa, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci matuƙa. Kwana uku ke nan maganar Farfesan nan ta hana ni sakat. Wai masaƙun Kaduna sun mutu ne don ma'aikata sun saba da cin ɓagas, da aka buɗe kasuwa suka kasa gasa da na waje. Wai kuma gyaran tattalin arzikin 1986 magani ne mai ɗaci amma ya zama dole. Shi kuwa mai gabatarwa bai ce masa uffan ba, ya ce madalla, ya wuce tambaya ta gaba.

To ni ne ma'aikacin nan da aka zaga a bainar jama'a. A 1978 na shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, sashen saƙa, na yi shekara ashirin da 'yan kai ina tsaye a kan ƙafata. Awa takwas mutum ba ya zama, idonsa na kan injuna, zare ya tsinke ka ɗaura, wani ya tsinke can ka ruga. Ƙarar wurin ba ta barin ka ji maganar wanda ke gefenka, da hannu muke magana kamar kurame, kuma yau kunnena na hagu a toshe yake. In an tashi aikin dare sai ka ga kowa kansa fari fat da ƙurar auduga, yaro ɗan ashirin ya koma kamar mai furfura, ka fyace hanci auduga ce ke fita. Da yawa cikinmu tari ne ya bi su har kabari. Wannan shi ne ɓagas ɗin da Farfesa yake faɗa?

Da ya taɓa tsayawa bakin gadar Kaduna da asuba a shekarun nan da bai yi wannan magana ba. Kekuna ne ba iyaka, daga Tudun Wada, daga Unguwar Mu'azu, wasu daga Nasarawa da Makera a ƙafa, kowa na sauri kada jiniya ta riga shi. Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe, layi ɗaya muke bi mu buga kati. A bakin ƙofa mai koko da ƙosai tana ba mu bashi har ƙarshen wata ba tare da ta rubuta ba, don ta san albashi ba ya saɓa rana. Da wannan albashi na yi aure, na gina ɗaki uku, na kai mahaifiyata Makka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya ɓata kusan rabin shirin yana yabon layin dogon da Turawa suka kai Kano a 1911, da yadda aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, da yadda aka dawo da hedikwata daga Zungeru zuwa Kaduna. Duk mun sani. Amma me jirgin yake ɗauka? Audugarmu da gyaɗarmu da fatunmu yake kwasa zuwa bakin teku, a saƙa audugar a Ingila, a dawo mana da ita akoko da alawayyo mu saya da tsada, alhali kakanninmu suna kaɗi da saƙa da rini tun kafin Bature ya san hanyar nan. Wannan ne Sardauna ya gani ya tsaya kai da fata har aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, tun ba a sami 'yancin kai ba, wasu suka biyo baya a shekarun 1960. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta daina wuce mu, a nan ake kaɗa ta, a nan ake saƙa ta, a nan ake buga mata zane. Ko sau ɗaya Farfesa bai ambaci wannan ba. Tarihin ci gaban ƙasa ake ba da wa a gidan rediyon da ke Kaduna, amma Kakuri ba ta samu shiga ba sai da aka zo zagi.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona na wannan magani mai ɗaci. A 1985 an ce jama'a su yi muhawara kan bashin IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, jama'a suka ce ba sa so. Shekara na zagayowa aka kawo sharuɗɗan ta bayan gida da sunan SAP, wato gyaran tattalin arzikin nan da Farfesa yake yabo. Aka karya darajar naira, wadda kafin nan take kafaɗa da kafaɗa da dala. Mu kuwa kayan gyaran injunanmu da sinadarin rini duk daga waje ake sayo su. Sai ya zamana inji ya lalace ba a gyarawa, a cire ƙarfe daga wannan a sa wa wancan, har layi guda ya koma kango muna kallo.

A shekarar nan ta 1986 aka rushe hukumar auduga. Mahaifina manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Da can ana kawo masa iri mai kyau, ya san farashi tun kafin ya kai kaya fuloti, a duba a auna a biya shi. Da aka rushe hukumar, iri ya gauraye, mai saye ya zo ya taya yadda ya ga dama. Shekara biyu ya jure, ta uku ya shuka masara a gonar, kuma har ya koma ga Allah bai sake shuka auduga ba. Mu a masaƙa muna jiran auduga, shi a gona ya bar ta, wa ya yi lalaci a cikinmu?

Daga nan wuta ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, ga kuma 'yan fasa-ƙwauri suna shigo da atamfar ƙasar Sin ta Kwatano da ta Nijar, tirela bayan tirela. Na taɓa shiga kasuwa na ɗaga wata atamfa, zanenmu ne sak, wanda na san wanda ya zana shi, har da tambarin da ke bakin yadin an kwaikwaya, ana sayar da ita ƙasa da abin da muke kashewa kan zare kawai. Na tsaya riƙe da ita kamar wanda aka dasa, mai shago yana tambayata turmi nawa zan ɗauka.

Da ya zo kan huldar Nijeriya da ƙasashen waje, nan kam bakinsa ya buɗe. Yadda Janar Murtala ya tsaya a Addis Ababa a Janairun 1976 ya goyi bayan ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA ta Angola duk da wasiƙar shugaban Amurka, yadda aka karɓe kadarorin BP, kamfanin man Birtaniya, a 1979 saboda turawan kudancin Afirka, yadda sojojinmu suka shiga Laberiya a 1990. Wallahi ni ma ina alfahari da waɗannan, ranar da aka kashe Murtala na yi kuka kamar ubana ne ya mutu. Amma tambayar da ya kamata a yi masa, wadda mai gabatarwa bai yi ba, ita ce: ƙasar da ta iya kallon Amurka da Ingila ido cikin ido don 'yan'uwanta na nesa, me ya hana ta tsare iyakarta don masaƙanta na gida? Wa aka tura ya sa hannu a buɗe mana ƙofa alhali ba mu da wuta?

Ranar da aka rufe masaƙarmu, ba wanda ya kira mu ya yi mana bayani. Mun zo da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Haƙƙinmu na sallama har yau ana bi. Abokin aikina da muka yi shekara goma sha biyar a layi ɗaya acaɓa ya koma da furfurarsa, mota ta buge shi a hanyar Kachiya. Matarsa tana nan tana wankau. Ita ma tana sauraron rediyo, ranka ya daɗe, kuma ta ji abin da aka ce game da mijinta.

Tun da na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallan maganin ƙarfin mazan nan da kuke sakawa a tsakiyar shirye-shirye ya isa haka nan. Mutum na zaune da 'ya'yansa da surukarsa ana cin tuwo, sai a ɓarke da maganganun da ko a majalisar samari ba a yi. Sau uku na miƙa hannu na rage murya a daren nan. In dole ne sai kun saka, ku kai shi bayan sha ɗaya na dare.

Abin da nake nema shi ne ku sake shirin nan, ku gayyaci Farfesan, ku gayyaci mutum biyu ko uku cikinmu, da manomin auduga ko da guda ɗaya ne. Ba sai kun sha wahalar nemanmu ba. Ku aiko wakilinku Kakuri bayan la'asar, zai same mu zaune a gindin bangon masaƙar, katin aikina ma yana nan a aljihuna zan nuna masa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Makera, Kaduna.