A riƙa rataye lasisin kemis a bango mu gani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke ci na a rai. Satin da ya wuce zazzaɓi ya rufe ɗan maƙwabciyata cikin dare, aka garzaya da shi wani kemis a bayan layinmu, yaron shagon da ban jin ko sakandare ya gama ya zuƙi allura ya tsira masa, kafin gari ya waye cinya ta kumbura suntum yaro ko taka ƙafar ba ya yi sai da muka dangana da asibiti. Da na koma na ce ina lasisinku, wai yana wurin oga.

Wallahi abin ya ƙona min rai, don wannan harka ba yau aka fara sa mata doka ba. Tun zamanin Turawa ake horar da disfensa, wato masu ba da magani a asibiti, a Yaba da Zariya, ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta Najeriya ma tun 1927 take. A 1992 aka kafa hukumar PCN mai yi musu rajista da ba shaguna lasisi, NAFDAC ta biyo baya a 1993, sannan a 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta ƙara wa PCN ƙarfi. Kuma fa da rayuka aka sayi dokokin nan, a 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba, a 2008 aka sake maimaitawa da maganin haƙorin jarirai, sama da 80 suka tafi, Allah ya jiƙan su.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, lasisin nan iri biyu ne. Akwai na famasi, wanda ya yi digiri a jami'a aka yi masa rajista, shi ke da hurumin ba da maganin da likita ya rubuta. Akwai kuma na mai ƙaramin kemis, shi iyakarsa ƙananan magunguna a cikin kwalinsu yadda kamfani ya rufe, ba allura ba ƙarin ruwa, amma ka zaga unguwanninmu ka ga gado a bayan labule har da sandar rataye ruwa, kowa kuma dakta yake ce masa.

Ni ba na cewa a rufe kemis, a ƙauyuka da yawa su ne kaɗai gatan talaka in dare ya yi. Na kuma yaba da mayar da 'yan maganin kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a 2024. Roƙona ga PCN da ma'aikatar lafiya ta jiha shi ne a tilasta wa kowane shago ya rataye lasisinsa na bana inda mai saye zai gani, a rubuta da Hausa abin da aka yarje masa da wanda aka hana shi, da lambar wayar kai ƙara a ƙasa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano