Gidauniyar Lafiya ta Yanki: A Sa Kuɗin Inda Zai Daɗe Yana Aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi tsokaci a kan gidauniyoyin lafiya na yanki, waɗanda ke tallafa wa matasan da rayuwarsu ke cikin haɗari, su kuma kai ɗauki ga maƙwabtan da ambaliya ko gobara ko girgizar ƙasa ta afka wa. Mu ma'aikatan lafiyar al'umma ne, kuma muna jinjina wa duk wanda ya buɗe aljihunsa don wannan aiki. Damuwarmu ita ce yadda kuɗin ke tafiya. Gidauniyar yanki ba za ta kamo ƙafar manyan ƙungiyoyin duniya wajen yawan kuɗi ba, amma ta fi su da abu biyu: tana kusa, kuma tana nan bayan kowa ya naɗe kayansa ya tafi. Idan ta ƙarar da asusunta a rabon kaya na yini ɗaya, ta watsar da waɗannan biyun.

Mu fara da bala'i. Duk inda mutane suka taru wuri ɗaya bayan sun rasa muhalli, ruwan sha da bayan gida su ne ke yanke hukuncin wa zai rayu. A shekarar 1994, 'yan gudun hijirar Ruwanda da suka kwarara garin Goma sun rasa kimanin mutum 50,000 a wata guda, yawanci saboda kwalara da atini. Darasin wannan masifa na cikin abin da ya sa ƙungiyoyin agaji suka zauna a 1997 suka fara tsara ƙa'idojin da ake kira Sphere, kuma ya kamata kowane ɗan kwamitin amintattu na gidauniya ya haddace alƙalumansu. Kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 15 na ruwa a rana don sha da girki da tsafta. Kada wurin ɗibar ruwa ya wuce mita 500 daga masauki, kada famfo ɗaya ya ɗauki fiye da mutum 250. Masai ɗaya na mutum 50 ne a kwanakin farko, sai a hanzarta a mayar da shi na mutum 20. Idan mutum 2,000 suka fake a wata makaranta, lissafin ya zama lita 30,000 kowace rana, wato sawu uku na tankar da ke ɗaukar lita 10,000, da famfo takwas, da masai 100 a ma'aunin mutum 20. Wanda ya kai tanka ɗaya ya ɗauki hoto ya koma gida, sulusin buƙatar yini ɗaya ya biya.

Zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ma yana da ƙa'ida. Ruwa mai laka yana cinye maganin, don haka sai an bar shi ya kwanta ko an tace shi tukuna. Bayan an zuba a jira minti 30, sannan a gwada: ragowar kulorin a bakin famfo ya kasance tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a kowace lita, a ƙara idan kwalara ta ɓulla. Idan ya yi yawa, mutane za su ji ɗaci da wari su koma wa rafi, shi ya sa gwajin yake zama aikin kullum. Akasarin gurɓacewar kuwa a cikin gida take faruwa, lokacin da yaro ya tsoma hannu ko moɗa a buɗaɗɗen bokiti. A ba kowane gida jarka biyu masu ƙaramin baki da murfi, da sabulu. A haƙa masai aƙalla mita 30 daga rijiya, a raba na mata da na maza, a sa ƙofa mai sakata da fitila. Masai mai duhu mata ba za su shige shi da dare ba, kuma suna da gaskiya, domin a irin waɗannan wurare ake cin zarafinsu.

Kwalara mai tsanani tana iya kashe rubu'i zuwa rabin waɗanda ba su sami magani ba, amma da ruwan gishiri da sukari a kan kari, mace-macen ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar. Yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Waɗannan kaya ne masu araha da ke daɗewa a ajiye, kuma gidauniyar da ke kusa ita ce za ta iya kai su a daren farko.

Akwai wasu mutane da kusan kullum ake mantawa da su, kuma a kansu muke so mu fi jan hankali. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, da mai hawan jini, da mai farfaɗiya, da mai shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki, da mai zuwa wankin ƙoda: ruwan da ya ci gidajensu ya tafi da magungunansu da katin asibitinsu. Wanda rayuwarsa ta dogara da insulin zai iya mutuwa cikin 'yan kwanaki idan ya rasa shi. Mai tarin fuka da ya katse magani zai iya wayar gari da cutar da ba ta jin maganin farko. Bayan guguwar Mariya ta 2017 a tsibirin Fuwato Riko, adadin mamatan da hukuma ta amince da shi daga baya ya kai 2,975, kuma da yawansu a watannin da suka biyo baya suka rasu, lokacin da babu lantarki kuma jinya ta katse. Maganin wannan aiki ne na lokacin zaman lafiya. A haɗa kai da asibitocin yankin a riƙe rajistar masu irin waɗannan cututtuka da yardarsu, a ajiye maganin wata guda ana juya shi kafin ya lalace, a tanadi firij mai sola da zai riƙe sanyi tsakanin digiri 2 da 8 don insulin da alluran rigakafi. Haka masu juna biyu. Ma'aikatan agaji kan ƙiyasta su da huɗu cikin ɗari na jama'a, wato mata 80 a cikin mutum 2,000 ɗin nan, kuma kusan 15 cikin ɗari nasu za su gamu da matsalar da ke buƙatar asibiti. Ungozoma da motar da ke shirye da dare sun fi musu buhun tsofaffin tufafi amfani.

Sai kyautar da ke zama kaya. Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta 1988 an aika tan 5,000 na magunguna da kayan asibiti, sai da mutum 50 suka yi wata shida suna tantancewa, kuma mafi yawa ba su dace da buƙatar ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a aika maganin da ba a nema ba, kuma ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin wa'adinsa ya ƙare. Madarar jarirai ta gwangwani ta fi haɗari. Bayan girgizar ƙasar Yogyakarta a Indunusiya a 2006, gudawa ta ninka fiye da sau biyu a jariran da aka raba wa iyayensu ita, domin babu ruwa mai tsabta na damawa ko na wanke bulumboti. A ciyar da uwa, a ba ta wurin da za ta keɓe ta shayar. Inda kasuwa ke ci, a ba mutane kuɗi a hannu su sayi abin da suka san sun rasa. Kada kuma a rufe asusun da wuri: bayan ambaliyar Pakistan ta 2022, masu zazzaɓin cizon sauro sun tashi daga kimanin 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022, saboda ruwan da ya kwanta makonni bayan hankalin duniya ya koma wani wuri.

Batun matasa ma haka yake, sai dai shi ya fi buƙatar haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko fargaba. Yaron da ya bar makaranta, ko ya faɗa shaye-shaye, ko yake kwana a titi, taron wayar da kai na awa uku da riga mai tambarin gidauniya ba za su canza shi ba. Tsoratarwa ma an gwada ta. A Amurka an daɗe ana kai yara masu ƙiriniya gidajen yari don fursunoni su razana su, da aka tattara binciken sai aka ga waɗanda aka kai sun fi aikata laifi daga baya.

Abin da ya yi aiki yana da kama ɗaya a ko'ina: babba amintacce, lokaci mai tsawo, da abin yi. A ƙasar Aislan, yawan 'yan shekara 15 da 16 da suka bugu da giya a watan da ya gabaci bincike ya sauko daga kashi 42 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Sun kai ga haka ne ta hanyar biyan kuɗin wasanni da kiɗa da sana'o'in hannu bayan tashi daga makaranta, da jawo iyaye su san inda 'ya'yansu suke da dare, da tambayar yaran kansu a kai a kai don a ga inda ake gyara. A Manrobiya ta Laberiya kuma an yi gwaji da samari kusan 1,000 da ke cikin sata da sayar da ƙwaya. Wasu sun sami horon gyaran tunani da ɗabi'a na mako takwas, wasu dala 200, wasu duka biyun. Tasirin kuɗi kaɗai ya gushe kafin shekara, amma waɗanda aka haɗa wa biyun, bayan shekara goma ma sun fi takwarorinsu nisantar laifi. Wannan ya isa amsa ga masu ganin jari kaɗai zai wadatar.

Shirin haɗa yaro da babban da zai riƙa yi masa jagora yana da wani tarko da ya kamata a sani. Bincike ya nuna amfaninsa yana fitowa ne idan alaƙar ta kai shekara ko fiye, wadda kuwa ta yanke kafin wata uku tana barin yaron cikin halin da ya fi na da muni, domin an sake tabbatar masa cewa manya tafiya suke yi. Saboda haka kada gidauniya ta ɗauki yara 300 da kuɗin wata shida. Gara ta ɗauki 60 da kuɗin shekara uku, jagora ɗaya da yara kaɗan, haɗuwa kowane mako a rana sananniya. A binciki halin kowane jagora kafin a ɗauke shi, kada babba ya keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, a samar da wanda yaro zai kai wa ƙara ba tare da ya bi ta hannun jagoransa ba. Kada a buga hoton yaro ko labarinsa don neman gudummawa. Tabon yana bin sa har wurin neman aiki da aure.

Dole kowane ma'aikaci ya san abin yi idan matashi ya nuna alamar son hallaka kansa. A tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, tambayar ba ta dasa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba da magunguna da makami daga inda yake, a kai shi ga likita a ranar. Wanda ya daina shan ƙwayoyi masu dangin ofiyom, irin su tiramadol da kodin, kuma, makonnin farko bayan ya fito daga jinya ko gidan yari su ne mafi haɗari, domin jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha, idan ya koma sau ɗaya numfashinsa na iya tsayawa. A ajiye maganin nalokson, wanda ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne wa numfashi, a koya wa iyalinsa amfani da shi. Ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa ba hujjar naɗe hannu ba ce: a Zimbabuwe an horar da dattawan mata suna zama da masu ciwon damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, kuma gwaji ya tabbatar da amfaninsa. Sharaɗin shi ne ƙwararre ya riƙa duba aikinsu, ya karɓi wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu.

Shawararmu ita ce a daina kallon waɗannan ayyuka biyu a matsayin asusu biyu. Matasan da suka kai shekara 18 a cikin shirin, a horar da su gwajin kulorin, da haɗa ruwan gishiri da sukari, da awon damtsen yara da tef, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna tamowa mai tsanani ga ɗan wata shida zuwa shekara biyar, da agajin farko na kwantar da hankali: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da mai taimako, ba tare da tilasta masa ya ba da labarin abin da ya gani ba. A yi atisaye sau biyu a shekara, a biya su alawus a kan lokaci, a ba su takardar shaida. Kada a tura su cikin ruwa mai gudu ko ginin da ya tsage, wannan aikin masu ceto ne. Saurayin da unguwa ta saba nuna wa yatsa, ranar da aka gan shi yana gwada ruwan da jarirai za su sha, kallon da ake yi masa zai sauya, shi ma haka.

Ga masu riƙe da amanar kuɗin kuma, a ware wani kaso na kasafin kowace shekara a asusun ko-ta-kwana, wanda mutum biyu za su iya sa hannu a fitar cikin awa 24 ba tare da jiran taron kwamiti ba. A ƙulla yarjejeniya da masu tankar ruwa da dillalan magani tun kafin buƙata ta taso, a kuma sanar da hukumar lafiya da ta agajin gaggawa abin da aka tanada don kada a taru a gari ɗaya a bar na kusa da shi. Rahoton shekara ya daina ƙirga mahalarta taro. Ya faɗa mana yara nawa ne ke tare da jagoransu bayan wata 12, nawa suka koma aji ko suka riƙe sana'a, awa nawa aka yi kafin ruwa mai tsabta ya isa sansani, da masu ciwon suga nawa ne allurarsu ba ta yanke ba. Muna roƙon jaridarku ta riƙa neman waɗannan alƙaluma daga kowace gidauniya da ta gayyace ku bikin rabon kaya, ku kuma koma wurin bayan wata uku.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar al'umma