Ga littattafan da ka tambaya, mutumina

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Rasha, ya karatu, ya hakurin rashin gida? Saƙonka ya iso tun ranar Laraba, ban amsa da wuri ba ne saboda na ga maganar ta fi ƙarfin amsar WhatsApp ta layi biyu. Ka ce dare ya yi muku tsawo, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, kana son littafin da zai riƙe ka har ka manta da agogo. To wallahi ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi.

Amma kafin komai akwai maganar da ka yi da ban yarda da ita ba, wai littattafan Hausa duk soyayya ce da kishiyoyi shi ya sa kake neman na Turawa. Haba ɗan uwa. Ka karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa? Tun farkon shekarun 1980 ya fito, labarin Mailoma ne, wanda ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, da aka gama yaƙi ya ƙi ajiye halin yaƙin ya tara ƴan ta'adda ya koma cinikin makamai da kayan maye. Na sake karanta shi bara kuma jikina ya yi sanyi, don abin da yake faɗa tun wancan lokacin na bindigogi a hannun waɗanda ba su da abin yi shi ne muke ji a labarai kullum daga dazukan Zamfara da Katsina. Akwai zubar da jini sosai a ciki, na faɗa maka tun yanzu. Sannan ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969 fa, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Bahaushe ya zauna ya rubuta yaro Kilba yana yawo a sararin samaniya tare da baƙon da ya zo daga can. Siriri ne, zama ɗaya za ka cinye shi, amma duk sanda na tuna da shekarar da aka buga shi sai in ji wani irin alfahari, kuma in ji haushin yadda aka bar wannan hanyar ta yi ciyawa.

A na Turanci kuma, in ɗaya kawai za ka ɗauka to ka ɗauki The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, na 1971. Ƙungiyar OAS, tsofaffin sojojin Faransa da suka ji haushin shugaban ƙasarsu De Gaulle don ya bar Aljeriya ta samu ƴancin kai a 1962, sun yi ta ƙoƙarin kashe shi ba su dace ba, sai suka yi hayar wani Bature ɗan Ingila da babu wanda ya san sunansa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kowa ya san De Gaulle a gidansa ya rasu a 1970, ba wanda ya harbe shi, kenan ka san ƙarshen tun kafin ka buɗe shafin farko amma duk da haka gabanka faɗuwa yake yi. Marubucin ba ya gaggawa, zai nuna maka yadda mutumin ya samo fasfo da sunan yaron da ya mutu tun yana ƙarami, yadda ya je Beljiyam aka ƙera masa siririyar bindiga da ake kwancewa gunduwa-gunduwa, a ɗaya ɓangaren kuma ɗan sanda Lebel, mutum mai sanyin hali da ba ka zaci komai daga gare shi ba, yana bin sawu da waya da tarin takardu ba barci. Ni ranar da na kai kashi na ƙarshe sai kiran assalatu na ji. Forsyth ɗin ɗan jarida ne a da, har Biyafara ya yi aiki lokacin yaƙi, shi ya sa rubutunsa kamar rahoto.

Na kimiyya da ƙirƙira kuwa ka nemi Rosewater na Tade Thompson. A Najeriya yake faruwa a shekarar 2066, wani abu daga wata duniya ya kafa ƙatuwar ƙubba, gari guda ya tsiro kewaye da ita saboda sau ɗaya a shekara tana buɗewa marasa lafiya su warke. Kaaro mai labarin yana iya leƙa tunanin mutane, yana aikin tsaro a banki kuma yana yi wa gwamnati leƙen asiri. Marubucin likita ne, kai da kake karatun likitanci za ka fi ni jin daɗin bayanin ƙwayoyin halittar. Littafin ya ci kyautar Arthur C. Clarke ta labaran kimiyya da ƙirƙira a 2019. Sai dai yana tsalle tsakanin shekaru, ka riƙa duba shekarar da ke saman kowane babi, kuma akwai wuraren batsa da ni dai tsallakewa na yi. Lagoon na Nnedi Okorafor ma ba laifi, baƙi daga sama sun sauka a tekun Legas, amma Rosewater ya fi kama ni.

Na Hausan biyu ina da su a gida, in akwai ɗalibin da zai dawo wajenku bayan hutu ka haɗa ni da shi in ba shi ya taho maka da su, har da yaji da kilishi. Ka fara da na Bature Gagare dan Allah, in ka gama ka kira ni, akwai abin da nake son mu yi musu a kai game da ƙarshen Mailoma.

Su Umma suna gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni ko kana cin abinci. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Naka har kullum.