Kun yi wa dattijon nan dariya alhali gaskiya ya faɗa

Assalamu alaikum Malam Edita. Wallahi shirinku na daren Asabar ya ɓata min rai, musamman inda dattijon nan ya bugo waya yace ya taɓa ganin sheƙar kwaɗo a kan bishiya, mai gabatarwa ya kwashe da dariya har yana cewa baba ko dai tsuntsu ka gani, aka katse shi. Haba jama'a. Mutum ya girme ka, ya kashe katinsa ya kira, kuma abinda ya faɗa gaskiya ne, sai a maida shi abin dariya?

Ni na yi shekaru ina harkar goro a kurmi, wajen Ikom a jihar Kuros Riba, kuma da idona na sha gani. In damina ta kama zaka ga wata farar kumfa kamar ta sabulu manne a jikin reshe ko ganye, kuma kullum daidai saman kududdufi take, baka taɓa samunta inda ba ruwa a ƙasa. Ita ce sheƙar kwaɗon. Cikin dare ake yinta, macen ce ke fitar da wani ruwa mai yauƙi tana kaɗa shi da ƙafafun baya har ya tashi, namiji na ɗafe a bayanta, wasu mazan ma su zo su raɓu kowa na son ƙwan ya zama nasa. Ƙwan na cikin kumfar, in rana ta fito bayanta ya bushe ya yi tauri amma cikin na nan da danshi, kifi bai isa gare shi ba. Bayan kamar kwana 5 zuwa mako guda sai ƙasan ya yi laushi talibambam su riƙa zubowa cikin ruwan su ƙarasa girma a can. Wata safiya na tsaya ina kallo suna ɗigowa har abokan tafiya suka bar ni, tsarki ya tabbata ga Allah.

Kuma ba nan kaɗai ba, a kudancin Afirka akwai dangin kwaɗon nan da ake samun maza sama da 10 kan kumfa ɗaya. A Kosta Rika da Panama akwai mai jan ido da ke manna ƙwansa a ganye, in maciji ya fara ci sauran sukan ƙyanƙyashe tun lokacinsu bai yi ba su faɗa ruwa. Duk wannan da an bar baba ya gama maganarsa da an kai nan, yara masu saurare sun ƙaru. Amma yanzu sun tashi da cewa kowane kwaɗo a ruwa yake ƙwai, kuma daga bakinku suka ji.

Don Allah a nemo shi a bashi haƙuri a iska yadda aka yi masa dariya a iska, a kuma gayyato malamin halittu daga jami'a ya gyara maganar.

Sannan tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakawa ana tsakiyar magana ya yi yawa, ga ƙara, sai mutum ya rage rediyo ya manta bai ƙara ba har shirin ya wuce. A rage shi ko a kai shi ƙarshe.

Mai saurarenku daga Funtuwa.